Tankin ruwan gishiri mai lita 1,000 a cikin gida: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a tanki mai lita 200. Yanzu ina so in kafa na ruwan gishiri mai kamar lita 1,000 a falona na saman bene, in zuba kifin teku da murjani. An ce mini babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙewa. Haka ne? Me zan fara saya, kuma yaushe zan sa kifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Ruwa mai yawa ba ya saurin canzawa. Idan kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse cikin tanki mai lita 50, kafin gari ya waye amoniya, dafin da ke fita daga ruɓewarsa, ta taɓa sauran. A cikin lita 1,000 kuwa mai yiwuwa ma'auninka bai nuna komai ba. Hawa da saukar zafi, ɗan ƙaruwar gishiri, abincin da hannu ya zarce aka zuba da yawa, duk babban tanki yana shanye su. Rabin da ba a gaya maka ba shi ne, duk abin da aka kafa ba daidai ba a babban tanki ya zauna ke nan. Ƙarami za ka iya kwashe shi da bokiti, ka gyara, ka mayar cikin yini guda. Mai lita 1,000, da zarar ruwa ya shiga, ba ka iya matsar da shi ko taƙi ɗaya, ba ka iya huda shi, kuma kifin da ya kamu da cuta ba ka iya cafke shi sai ka rushe duwatsun. Tun ran gini tun ran zane. Shi ya sa yawancin abin da zan gaya maka ya shafi lokacin da tankin yake a bushe.

Tunda ka ce saman bene, wanda za ka fara biya shi ne injiniyan gini. Mu yi lissafi tare. Tanki mai tsawon santimita 200, faɗi 70, tsayi 70 yana cin lita 980, kuma kowace lita ta ruwan teku ta ɗan fi kilo 1 nauyi. Gilashinsa, in mai kaurin milimita 15 ne, ya kai wajen kilo 200 shi kaɗai. Ƙara duwatsu, yashi, teburin ƙarfe, da tankin ƙasa da ake ɓoyewa cikin teburin, da ruwansa. Za ka tarar kana maganar kilo 1,500 ko fiye, a kan filin da bai kai murabba'in mita 1.5 ba. A ƙa'idojin gini na ƙasashe da yawa, daɓen ɗakin zama ana lissafa masa kilo 150 zuwa 200 ne a kowane murabba'in mita, a baje cikin ɗakin. Wannan ba yana nufin benen zai rufta ranar farko ba. Abin da ya fi faruwa shi ne daɓen ya ɗan lotsa a hankali, tankin ya karkace, nauyin ya koma kan kusurwa ɗaya, wata rana silikon da ya manne gilasan ya saki. Injiniya zai duba ya nuna maka inda bim, wato dogarin da ke ɗauke da daɓen, ko ginshiƙi yake, ko ya ce ka sauko ƙasa. In ya ce ka sauko, ka sauko. Kuma kafin ka ba da odar tankin, ka auna ƙofofi da lanƙwasar matakala.

Game da siffarsa, shawarata ka nemi faɗi, ka rage tsayi. Matsin ruwa a jikin gilashi daga tsayin ruwan yake zuwa, ba daga yawan litoci ba, don haka kowane ƙarin tsayi yana buƙatar gilashi mafi kauri. Ga kuma hannunka: da zarar zurfi ya wuce santimita 60 zuwa 70, ba ka kai ƙasa sai ka jiƙa kafaɗa, kuma wurin da hannu ba ya kaiwa ba a share shi. Haske ma yana raunana kafin ya isa ƙasa. Akirilik, wato roba mai garau da ake yin tanki da ita, ya fi gilashi rashin nauyi da kusan rabi, amma ƙwayar yashi ɗaya a jikin abin gogewa ta isa ta zana masa layi. Ko wanne ka zaɓa, ka ba wanda ya saba haɗa manyan tankuna, ka ɗora ma'aunin lebur na magina a kan teburin ta kowace fuska kafin a aza, kuma ka yi gwajin yoyo da ruwan daɗi na kwanaki. Babban tankin AquaDom na Berlin, mai lita miliyan 1, ƙwararru ne suka gina shi, amma ya fashe ranar 16 ga Disamba 2022 da kifi wajen 1,500 a ciki. Ruwa ba ya hutawa da tura bangon da ya tare shi.

Sai tankin ƙasa, wanda yake ɓoye a cikin teburin. Ruwa yana kwarara daga sama ta maɓulɓula zuwa cikinsa, inji ya mayar da shi sama. A nan hita da na'urar kumfa mai cire datti da matata suke zama. Ka sa bututun saukar ruwa aƙalla 2, na biyun a bushe yana jiran ranar da dodon-koɗi zai toshe na farko. Sannan ga gwajin da ba na yarda a tsallake. Saman tankinka murabba'in santimita 14,000 ne, wato kowace santimita 1 ta ruwa lita 14 ce. Idan wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da sauka har ya yi ƙasa da bakin maɓulɓula, bututun mayarwa kuma ya zuƙo wani ya dawo da shi baya. Saukar santimita 3 kawai lita 42 ce, ban da wanda ke cikin bututu. To ka cika komai, ka kunna, ka zare filogin da hannunka, ka durƙusa gaban tankin ƙasa da tocila kana kallon ruwan yana hawa. Inda ya tsaya, in da sauran fili, ka kunna inji, ka bari ya daidaita, ka ja layi da maka a jikin gilashin: daga yau ba a cika ruwa ya wuce wannan layin. Kada ka dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya. Ƙwayar yashi ko ɗan tsiron da ya maƙale a bakinsa ya isa ya hana shi rufewa. Bakin bututun mayarwa ya zauna dab da saman ruwa, don ya sha iska da wuri zuƙon ya katse.

Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, kuma hannunka kullum yana ciki. Duk layin tankin ya bi ta na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zurare, wadda ake kira RCD ko GFCI. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai fantsama, kowace waya kuma ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Ban da jan ƙarfe ko tagulla a duk inda ruwan zai bi, domin ɗan kaɗan ɗinsu yana kashe murjani da jatan lande. Bututun roba kawai.

Idan wuta ta ɗauke, mutane kan fara damuwa da fitila ko hita. Iska ce ta fara ƙarewa. A zafin digiri 25, litar ruwan daɗi tana riƙe oksijin wajen miligiram 8, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba, ga kifi da murjani da bakteriyar cikin duwatsu duk suna shaƙa. Tanki mai kifi da yawa yana iya fara asara cikin 'yan sa'o'i idan ruwa ya tsaya cik. Murjani zai jure kwana 2 ko 3 babu haske. Don haka farfela ɗaya da ke kaɗa saman ruwa ta kasance a kan batir mai kama aiki da kansa, ko kana gida ko ba ka nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ruwan kansa. Abu na biyu da za ka saya, bayan ka sallami injiniya, shi ne matatar RO/DI, na'urar da ke tace ruwan famfo ta cire abin da ya narke a ciki. Ruwan famfo, ko da mai kyau ne a sha, yana ɗauke da kulorin, fosfet, siliket, wani lokaci da jan ƙarfe daga bututu. A tankin ruwan daɗi ka tsira da hakan; a nan kuwa kana ƙara su kullum, ba sa fita, har su zama gansakukar da ba ta jin magani. Ruwan da ya fito daga matatar, ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna 0. Ka sani tana da jinkiri: wadda aka fi amfani da ita a gida lita 280 take bayarwa a yini in komai ya yi daidai, kuma tana zubar da lita 3 zuwa 4 a kan kowace lita mai kyau. Cika tankinka aikin kwanaki ne.

Gishirin ba na girki ba ne, haɗi ne na musamman da ke ɗauke da kalsiyam, magniziyam, kabonet da sauran ma'adinan teku. Cikon farko zai ci maka kilo 35 zuwa 40. Gishiri ake zubawa cikin ruwa a hankali farfela tana juyawa, ba a zuba ruwa a kan gishiri, in ba haka ba kalsiyam ya daskare ya zama farin gari. Abin da kake nema shi ne gishiri kashi 35 cikin 1,000, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Ka auna da rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ka riƙa daidaita ta da ruwan gwaji mai 35.

Abin da ke rikita masu zuwa daga ruwan daɗi shi ne ƙafewa. Ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan. Buɗaɗɗen tanki irin naka zai iya rasa lita 10 a yini, fin haka in kana sa fanka. In ka bar shi mako guda, 35 ta haura 37. Ciko kullum da tataccen ruwan daɗi ake yi, kuma a wannan girman na'urar ciko mai aiki da kanta dole ce. Lita 10 ɗin nan a iskar falonka take ƙarewa, don haka ka tanadi hanyar fitar iska, in ba haka ba fumfuna a bango da tsatsa a ƙarafa za su sanar da kai. Canjin ruwa kuma, kashi 10 cikin 100 duk mako 1 ko 2, lita 100 ke nan. Wanda ya shirya ɗaukarta da bokiti zuwa saman bene zai yi wata 2 ya gaji ya daina. Duro 2, ɗaya na tataccen ruwa ɗaya na haɗaɗɗe, da ƙaramin inji da tiyo: in canjin ruwa bai wuce minti 20 ba, za ka ɗore da shi shekaru.

Tsarin da kusan kowa yake bi yau ya samo asali ne daga masu kiwo na Berlin a shekarun 1970: duwatsu masu ramuka da bakteriya ke zama ciki, na'urar kumfa, haske mai ƙarfi, da ruwa mai motsi. Duwatsun su ne matatarka ta gaskiya. Ka aza su a kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi, ka ɗaure su da siminti na musamman ko sandar roba, domin kifi mai tona yashi yana iya kayar da tulin da aka ɗora a kan yashi. Ka bar fili tsakaninsu da bango, ka bar kogo da hanyoyin wucewa. Dutsen da aka ciro da ransa daga ruwa yana kawo halittu masu amfani da saurin nunar tanki, amma yana iya shigo da baƙin da ba ka gayyata ba, irin su anemonin Aiptasia, 'yar dabba mai kama da fure da ke harbin murjani. Busasshen dutse ba shi da wannan, sai dai tankin yana daɗewa kafin ya natsu. Ni na fi son busasshe da yawa, da ɗan mai rai daga tankin da na yarda da lafiyarsa.

Na'urar kumfa tana hura ƙananan kumfa cikin ruwa, dattin da ya narke ya manne musu, su tura shi sama cikin kofi. Bayan kwana 3 ka cire kofin ka duba: ruwa ne baƙi-baƙi mai kauri, da laka a wuyan kofin, da warin da zai sa ka kau da kai. Duk wannan daga ruwan da idonka ke gani garau ya fito. Ka sayi wadda ta dace da yawan kifinka, ka riƙa wanke wuyanta, domin in ya yi maiƙo kumfar ba ta hawa.

Tambayarka ta yaushe za a sa kifi: zagayen naitirojin da ka sani a ruwan daɗi shi ne a nan, amoniya ta koma naitirait, ita kuma ta koma naitiret, amma amoniya ta fi dafi a nan saboda pH, wato ma'aunin tsami, na ruwan teku yana wajen 8.1 zuwa 8.3. Kada ka yi amfani da kifi mai rai wajen tayar da zagayen. Ka zuba amoniyar kwalba har ta kai ppm 2, wato kashi 2 cikin miliyan, fitila a kashe, ka riƙa aunawa. Ranar da ka zuba ta ɓace cikin awa 24, tankin ya shirya karɓar kifi 2 ko 3. Yawanci mako 4 zuwa 6 ne. Bayan nan watannin muni za su zo: ƙura mai ruwan ƙasa a kan yashi, sai koren gashi a duwatsu, wani lokaci jan shimfiɗa mai yauƙi. Kowane sabon tanki yana bi ta nan. Dodon-koɗi, hannu, da haƙuri su ne maganinsa. Wanda ya ruɗe ya shiga zuba magunguna har naitiret da fosfet suka koma 0, shi ne yake jawo wata gansakuka mai dafi da ta fi ta farko wuyar kora. Ka bar naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet ƙasa da 0.1 amma ba 0 ba.

A nan zan daɗe, domin nan ne manyan tankuna suke mutuwa. Tun kafin babban ya iso, ka kafa ƙaramin tankin killacewa mai lita 80 zuwa 120: babu yashi, babu dutse, sai guntayen bututun roba na ɓuya, matatar soso, hita, da murfi. Ragarsa da bokitinsa daban. Duk kifin da ka saya, ko daga hannun wa, ya yi aƙalla kwana 30 a nan.

Ga dalili. Akwai ƙwayar cuta mai suna Cryptocaryon irritans, mai sa fararen ɗigo a jikin kifi. Tana cin jikinsa kwana 3 zuwa 7, sai ta saki ta faɗa ƙasa ta ƙulle kanta cikin ƙwanso a jikin dutse ko yashi. Mai tanki ya wayi gari ya ga ɗigon sun ɓace, ya ce tafarnuwar da ya sa a abinci ta yi aiki. Alhali a cikin ƙwanson tana rarrabuwa ne, kowace ɗaya ta fito da 'ya'ya har wajen 200, su bazu neman kifi. Zagaye na biyu ya fi na farko, na uku ya kwashe tankin. An ga ƙwanson da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, shi ya sa idan cutar ta shiga babban tanki, hanyar da aka tabbatar ita ce a fitar da kifin duka, a bar tankin babu kifi ko ɗaya na kwana 76, 'ya'yan su fito su rasa mai masauki su mutu. Maganinta jan ƙarfe ne, shi kuma yana kashe murjani da duk wani marar ƙashin baya, duwatsu kuma suna shanye shi su riƙa sakinsa daga baya. Ba a zuba shi a babban tanki. Yanzu ka yi tunanin kama kifi 20 masu gudu daga cikin duwatsun da ka ɗaure da siminti, murjani ya riga ya manne musu, sannan ka samo inda za ka ajiye su wata 2 da rabi.

Akwai wadda ta fi ta sauri, Amyloodinium ocellatum. Ita a gaɓar numfashi take farawa, don haka sau da yawa ba ka ganin komai a fata. Abin da za ka gani shi ne kifi ya je ya tsaya gaban farfela yana fuskantar ruwan, bakinsa yana buɗewa da sauri-sauri, yana gudun haske, ya ƙi abinci. In ka haska shi da tocila ta gefe, sai ka ga kamar an barbaɗa masa hoda. Daga nan zuwa mutuwa wani lokaci kwana 2 ne. A tankin killacewa kifi ɗaya za ka yi jinya, da ma'aunin jan ƙarfe a hannunka, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ƙarama ce. A babban tanki kuwa duka za ka rasa. Killacewar tana da wani amfanin: kifin da ya sha doguwar tafiya yana samun wurin da zai koyi cin abincinka ba tare da manya sun kore shi ba.

Wajen zaɓen kifi, ka tambayi girman da zai kai, kada ka tsaya kan girman da ka gani. Pomacanthus imperator da ake sayarwa ɗan ƙarami mai zanen shuɗi yana kai santimita 40, kuma yana cin murjani. Kifin tang suna son tsawon iyo, mita 2 ɗinka ta ishi irin su Zebrasoma, amma suna faɗa da masu kama da su. Zanclus cornutus, duk kyansa, yawancinsu ba sa rayuwa a tanki. Ka bar shi a teku. Kifin mandarin ƙananan halittun cikin dutse yake ci, sai tankin ya shekara. Masu sanyin hali su fara shiga, masu zafin rai a ƙarshe, kaɗan-kaɗan da tazarar makonni. Ka sa murfin raga, domin da yawansu suna tsalle. Kuma ka san alkawarin da kake ɗauka: kifin anemoni yana wuce shekara 20 in an kula da shi.

Ina roƙonka ka fifita wanda aka ƙyanƙyashe a gona. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda ke kashe murjanin wurin, kifin kuma ya zo hannunka da ciwo a ciki, ya ci abinci makonni sannan ya mutu ba dalilin da ka gani. Kifin anemoni ana kiwonsa tun farkon shekarun 1970. A 2015 aka yi nasarar kiwon tang mai ruwan ɗorawa a Hawai, a 2016 kuma mai shuɗi a Jami'ar Florida. Murjani masu ƙashi suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda, kuma yankakken reshe daga tankin wani ya fi na teku jure zaman gida. Abin da ya gundure ka kuma, kada ka sake shi a ruwan waje. Kifin zaki da aka fara gani a gaɓar Florida a 1985 ya mamaye tekun Karebiyan, ciyawar Caulerpa taxifolia da aka gani a gaɓar Monako a 1984 ta bazu a Bahar Rum, kuma duka biyun ana danganta su da tankunan ado.

Murjani ka jinkirta shi. Dabba ce, amma yawancin abincinsa daga wasu ƙananan tsirrai yake samu da ke zaune cikin namansa suna aiki da haske. In zafi ya yi yawa ko haske ya canza farat ɗaya, sai ya kore su ya yi fari fat. Ka riƙe ruwa a digiri 25 zuwa 26. Daga 29 zuwa sama haɗari ne. Injina da fitilu da kansu suna ɗumama ruwa, don haka a ɗaki mai zafi na'urar sanyaya ruwa ta fi hita muhimmanci. Inda ake buƙatar hita, ƙanana 2 a kan na'urar sarrafawa ta daban sun fi babba 1, domin hita takan lalace ne a kunne. Bayan wata 3 ko 4 ka fara da masu taushi irin su Sarcophyton, sai masu manyan baki irin su Euphyllia. Acropora, mai rassa da launin da ke jan kowa zuwa wannan harka, ka ba shi shekara. Yana son haske mai ƙarfi da ruwa mai juyawa sau 30 zuwa 50 na girman tankin a awa, kuma ba ya yafe canji.

Masu ƙashi suna zuƙe kalsiyam da kabonet daga ruwa suna gina jikinsu. Ka riƙe kalsiyam a ppm 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1,300, alkaliniti, wato yawan kabonet a ruwa, tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. A cikin ukun, alkaliniti ce take saurin motsi: duk dKH 1 da ta sauka, kalsiyam ppm 7 kacal yake sauka, wanda ma'auninka ba zai ma gane ba. Don haka ita za ka riƙa aunawa sau 2 a mako, lokaci ɗaya na yini, ka rubuta a littafi. Lambar da ka tsaya a kai ba ta kai tsayuwar muhimmanci ba. Tanki mai 7.5 kullum ya fi mai yawo tsakanin 8 da 10. In za ka gyara, kada ka wuce dKH 1 a yini. Littafin nan zai gaya maka abin da ido bai gani ba tukuna: in murjaninka sun saba shan adadi kaza kullum, sai ka ga sun rage sha alhali ba ka canza komai ba, ruwa ba ya tsami banza. Ka duba zafi, gishiri, fitila da matatar RO/DI tun kafin launi ya fara gushewa.

Saura lafiyarka da ta iyalinka. Wasu murjani masu kama da ƙananan furanni, dangin Palythoa da Zoanthus, suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani, kuma ba shi da makari. Ana sayar da su ga sababbin shiga saboda ba sa mutuwa da wuri, wani lokaci kuma suna zuwa a jikin dutse ba ka sani ba. A watan Maris na 2018, a wani ƙauye kusa da Oxford a Ingila, mutum 10 aka kai asibiti, har da 'yan kwana-kwana 4, bayan an goge duwatsun tanki a cikin gida. Kada ka taɓa tafasa dutsen tanki, ko ka zuba masa ruwan zafi, ko ka kankare shi a bushe a cikin ɗaki, domin dafin yana bin tururi da ƙura ya shiga huhu. In za ka yanka su ko ka cire su, ka sa safar hannu doguwa da tabarau, ka yi aikin a cikin ruwa. Dutsen da za ka zubar ka jiƙa shi cikin bilic a waje. Zazzaɓi, tari, ƙuncin numfashi, ɗaci kamar na ƙarfe a baki, ko jan ido bayan ka yi aiki a tanki, a fita da kowa daga ɗakin a tafi asibiti. Haka in wani ƙurji ya fito maka a yatsa ko bayan hannu ya ƙi warkewa makonni, ka gaya wa likita da bakinka cewa kana sa hannu a tankin kifi, domin akwai bakteriya mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga ta ɗan yanka, kuma maganinta daban ne, na watanni.